Ga masu nemo 'yan ƙwallo wa ƙungiyar jami'a a Amurka

Jama'a, ku fara duba takardun makarantar yaro kafin ku duba ƙafarsa. NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta kasa jami'o'i rukuni uku. A rukuni na ɗaya dole ya kammala darussa 16 da hukumar ta amince da su a sakandare, da matsakaicin maki aƙalla 2.3 cikin 4, a rukuni na biyu 2.2 ne. Kuma sai ya yi rajista da cibiyar tantance cancanta ta hukumar. In babu wannan, komai iya murza ledarsa, ba zai buga wasa ba.

A rukuni na ɗaya, koci ba ya kiran ɗalibi ko tura masa saƙo sai daga 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, wato shekara ta biyu ta babbar sakandare a Amurka.

Bidiyon minti huɗu da ke nuna bajintar yaro kuwa, ado ne kawai, kowa gwani ne a cikinsa. Ku nemi cikakken wasa, musamman wanda ƙungiyarsa ta sha kashi. Ku kalli abin da yake yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa: yana komowa tsaro? Yana waiwaye kafin ya karɓi ƙwallo? Bayan minti 70 da sauran numfashi? Kakar gajera ce, daga Agusta zuwa Disamba, sau da yawa wasa biyu a mako, mai saurin gajiya rauni zai ji.

Ɗan ƙasar waje, a tambaye shi ko ya taɓa sa hannu a kwantiragin ƙwararru ko karɓar albashi, don hakan na iya hana shi bugawa. A rukuni na uku kada ku yi alƙawarin tallafin karatu saboda wasa, babu shi.