Kurakuran da ke kayar da yaran gareji a jarrabawar gyaran inji

A garejojin Zariya, daga Kwangila zuwa Sabon Gari har Tudun Wada, akwai samarin da za su sauke injin Golf ko Corolla yau, gobe kafin la'asar sun ɗaure shi ya tashi da bugu ɗaya. Cikin irinsu ne kuma ake samun masu fitowa daga ɗakin jarrabawa jiki a sanyaye. Abin yana damuna ƙwarai, domin hannunsu ya iya aikin. Mai mota dai burinsa motarsa ta tashi. Mai jarrabawa kuwa so yake ya ga hanyar da ka bi: me ka auna, lamba nawa ka samu, me ya sa ka ce wannan ne ya lalace. Yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Tun farko ka san wace jarrabawa za ka shiga. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda aka fi sani da Trade Test, mai mataki uku: ana farawa daga na 3, sai na 2, na 1 ne ƙololuwa. Akwai kuma ta hukumar NABTEB, mai shirya jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, hedikwatarta na Benin. Ita tana yi wa 'yan makarantun fasaha jarrabawa a tsakiyar shekara, masu zaman kansu kuma wajen Nuwamba da Disamba, kuma ban da aikin hannu da tambayoyin sana'a akwai Turanci da lissafi da zanen fasaha. Wanda ya yi shirin ta farko ya faɗa ta biyu zai sha mamaki. Ka nemi manhajar da tsofaffin tambayoyi tun da sauran watanni, ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane cin maki, shi ne dogaro da ido da ɗan yatsa a maimakon awo. A gareji maigida yakan shafa cikin silinda ya ce ta ci, a kai boriya, kuma sau da yawa yana da gaskiya, shekaru ne suka ba shi wannan. Amma idan aka miƙa maka maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, aka ce auna wuyan karanshaf, babu wanda zai karɓi "ya ɗan ci" daga bakinka. Lamba ake so.

Maikuromita ba ta da wuya in ka zauna da ita. Kowane zagaye ɗaya na hannunta rabin milimita ne, an kuma raba zagayen gida 50, don haka kowane layi 0.01 ne na milimita. Inda ake faɗuwa shi ne layin rabi. A ce jikinta ya nuna 7, layin rabi ya fito, hannun kuma yana kan 23. Amsa 7.73 ce. Mai gaggawa sai ya manta da rabin ya rubuta 7.23, kuma rabin milimita a wuyan karanshaf ya isa ya sa a sayo mitil ɗin da ba nasa ba. Kafin ka fara, goge bakinta, ka tabbatar tana kan sifili, ka ɗaure da ɗan kan nan mai ƙara ƙas-ƙas, kada ka murɗe ta da ƙarfi.

Silinda kuma ba wuri ɗaya ake auna ta ba. Sama, tsakiya da ƙasa, kowanne ta fuska biyu, a tsaye da a gicciye. Sama ta fi ci, inda ringi ke juyawa cikin zafi da ƙarancin mai, shi ya sa bakin yakan fi gindin faɗi, ramin kuma ya daina zama da'ira sosai. Haka fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara: da ita ake duba tazarar bawul, da tazarar bakin ringi a cikin silinda, da lanƙwasar tof idan an aza masa miƙaƙƙen ƙarfe. In babu waɗannan kayan a garejinku, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya, ko ku aro. Kowace rana ka auna abu biyar ka rubuta, wani ya sake aunawa ku gwada.

Sai ɗaurin kusoshin tof, wato murfin da ke saman silindu. Mun saba da doguwar sifana da bututu a ƙarshenta, a ja har sai jijiyar wuya ta tashi. A gaban mai jarrabawa wannan faɗuwa ce kai tsaye. Ana amfani da sifanar awon ɗauri, a sa lambar da kamfanin motar ya rubuta, a fara daga kusoshin tsakiya ana zagayawa zuwa waje, kuma hawa biyu ko uku ake yi, ba a ɗaure kowace har ƙarshe a ja ɗaya. Wajen kwancewa a juya, daga waje zuwa ciki, injin kuma ya huce. Dalilin shi ne gasket ya kwanta daidai, tof kada ya lanƙwashe, musamman na alminiyam. Wasu injunan bayan lambar sai a ƙara murɗi na digiri, misali 90, kuma kusoshin irin waɗannan sukan miƙe, don haka sababbi ake sawa. Za a iya tambayarka me ya sa, ka riƙe amsar.

Wani hali da ya zama jiki shi ne canza kaya har a dace. Mota tana rawa a silo, a canza filogi, bai yi ba a canza kwayil, bai yi ba a wanke nozul. Jarrabawa tana son ka gano ciwon kafin ka taɓa aljihun mai mota. Gwajin matsin silinda yana yawan fitowa, kuma mutane kan tsallake sharuɗɗansa: injin ya ɗumama, a cire filogi duka, a katse wuta da mai, a buɗe totur gaba ɗaya. Idan silinda ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata bakin mai kamar ƙaramin cokali ka sake gwadawa. In matsin ya hau, ringi ne ko jikin silindar, domin man ya toshe tazarar na ɗan lokaci. In bai motsa ba, nemi bawul ko gasket. In silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ne abin zargi na farko. Hayaƙin salansa ma shaida ne: shuɗi bakin mai ke ƙonewa, baƙi fetur ya yi wa iska yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama ruwa ne ke shiga.

Kwamfutar da ake sa wa mota don gano matsala ta jawo nata kuskuren. Lambar P0301 cewa take silinda ta 1 tana tsallake wuta, ba ta ce filogi ne ba. Yana iya zama kwayil, ko nozul, ko matsi. P0171 kuma na nufin iska ta rinjayi fetur, wanda tsagaggen tiyo kaɗai kan iya jawowa. Wanda ya karanta lamba ya ruga kasuwa sayen kaya bai amsa tambayar ba.

Maganar tamostat ina so a ji ta da kyau, domin a nan abin da aka saba a gari ya yi hannun riga da abin da ke daidai. Da mota ta ɗau zafi sai a cire shi a yar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Idan ka rubuta haka a takarda ka rasa makin, kuma ko a kan titi ba gyara ba ne. Aikinsa ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka gina shi a kai, a motoci da yawa yana buɗewa tsakanin digiri 80 da 90. Ka tuna sanyin asubar Zariya a Disamba da Janairu. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ringi da silinda su ci da wuri. Zafin da ya sa aka cire shi kuwa yana nan inda yake: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka, ko gasket, ko murfin lagireto. Murfin nan ba rufi kawai yake yi ba. Ruwa a buɗe yana tafasa wajen digiri 100, amma matsin da murfi ke riƙewa yana ɗaga shi zuwa kusan 120.

Lissafi yana tsorata mutane fiye da kima, alhali kaɗan ne kuma maimaita kansa yake. A injin mai bugu huɗu, wato shaƙa, matsa, fashewa da fitarwa, karanshaf yana zagaye biyu, digiri 720, kamshaf yana ɗaya. Jerin wutar yawancin injuna masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne, mai shida a jere 1-5-3-6-2-4. Ga misalin lissafin girman inji da ya kamata ka iya ko daga barci aka tashe ka: faɗin silinda milimita 80, tafiyar fistin milimita 80. Mai da su santimita, 8 da 8. Rabin faɗi 4, sau kansa 16, sau 3.142, sau 8, ka sami kusan sisi 402, wato cc, ma'aunin girman cikin silinda. Silinda huɗu sun ba da 1,608, abin da ake kira injin 1.6. In sararin da ya rage a saman fistin sisi 50 ne, haɗa 402 da 50 ka raba da 50, matsin ya zama kusan 9 bisa 1. Wurin tuntuɓe biyu ne, mantawa da mai da milimita santimita, da sa faɗi gaba ɗaya inda rabi ake so.

A nan zama a Zariya gata ne. Ga ɗaliban injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga na kwalejin Nuhu Bamalli, ga cibiyar fasahar sufuri ta NITT a hanyar Basawa. Da yawansu sun iya lissafin amma ba su taɓa zare fistin ba. Ku yi musaya, ya koya maka alƙalami ka koya masa sifana. Shi ne kuma zai taimaka maka da Turancin, tunda da shi ake tambayoyin. Ka buɗe littafi, kowane kayan inji ka rubuta sunansa na gareji da na takarda, ka zana shi a gefe, domin akan ce a zana a sa suna. Kada kunya ta hana ka tambaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar aikin hannu ana kallonka tun kafin ka ɗau sifana. Silifas da riga mai reto ba su da wuri, sai rigar aiki da takalmi rufaffe. Wayar batir ta nagatif ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a buɗe lagireto da zafi, ba a zuƙo fetur da baki. Jera abin da ka kwance a kan tire bi da bi, ka sa wa fistin da murafun kwanrod alama don kowanne ya koma gidansa, bakunan ringi kuma a raba su kada su hau layi ɗaya.

Wajen rajista ka je ofishin da kanka ko cibiyar da hukuma ta amince da ita, ka karɓi rasit. Masu cewa kawo kuɗi a kawo maka kwali har gida ka guje su, domin ma'aikatar da za ta ɗauke ka tana iya bincikar takardar, ta kuma sa maka inji a gaba. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka harafi da harafi, su dace da na katin ɗan ƙasa, tun fom ɗin yana hannunka.