Ɓarnar da muke yi da sunan taimako idan haɗari ya auku

Na gaji da ganin abu ɗaya a hanyar Katsina zuwa Daura. Mota ta kife, jama'a sun taru ana ta salati, wasu na ɗaukar bidiyo, kowa na zaton wani ya kira agaji. Nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce, "Malam mai shuɗiyar riga, kira 122." Lambar hukumar kiyaye haɗurra ke nan. 112 kuma ta gaggawa ce a ƙasa baki ɗaya, kyauta ake kiran ta. In an ɗauka, bar ihun "ku zo, an mutu!" Faɗi wurin da alamarsa, kamar "bayan an wuce Mashi, kusa da gidan mai", da yawan waɗanda suka ji rauni, kada kuma ka riga su kashe waya.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ciccibo. Mutum na kwance yana kukan wuya ko ƙafafunsa ba sa motsi, sai ƙarti huɗu su kama hannu da ƙafa, kansa na lilo, a cusa shi cikin Keke Napep a naɗe. Haba jama'a! Ƙashin bayan da ya tsage a nan yake yanke laka, mutum ya shanye har abada, a ce haɗari ne. In ba wuta ke shirin tashi ba, a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya tallafi kai da hannu biyu. In ɗauka ta zama dole, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, a mirgina shi kai da jiki lokaci guda. Kada a ɗura masa ruwa: zai iya shaƙewa, wataƙila kuma tiyata ke jiran sa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba leƙawa, in ya jiƙe a ɗora wani a kai.

Ƙuna ma haka. Ɗanyen ƙwai, manja, man goge baki, duk datti ne da likita zai sha wahalar kankarewa. Ruwa mai sanyi kawai za a yi ta kwararawa minti 20, ban da ƙanƙara, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura.

Yaro na jijjiga, ba a tura cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 sai asibiti. Saran kububuwa ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. Man girki ya kama da wuta, rufe tukunyar da murfi, ruwa watsa wutar yake yi.

Layi yakan ƙi shiga, don haka ni a bayan ƙyaure nake manna takarda mai lambar 'yan kwana-kwana, da ta DPO, da mai unguwa, da maƙwabci mai mota, da malamar asibiti mafi kusa, inda yaran gida ma za su iya karantawa.