Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Motar Soja ta Gwanjo Har Ta Koma Kan Titi

Abin da ya fi ruɗin mai sayen tsohuwar motar soja shi ne agogon tafiyarta. Za ka ga mota ta shekara arba'in a duniya amma tafiyar da ta yi ba ta kai ta tirelar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas a shekara ɗaya ba, sai ka ce ka yi tsintuwa. To, a bariki mota takan fi daɗewa a tsaye fiye da a kan hanya, kuma zama shi ne babban ciwon mota. Injin yakan tsira. Roba, tiyo, sil, taya da birki su ne suke mutuwa a tsaye ba tare da kowa ya lura ba. Saboda haka tsarin aikin nan shi ne: takardu tukuna, sannan birki, sannan gudu, fenti a can ƙarshe.

Mataki na farko: zaɓi wadda kayanta ke kusa da kai

Motocin soja na da suna da yawa. Akwai M35 ta Amurka mai taya goma, akwai Bedford MK da MJ na sojan Ingila, akwai Berliet ta Faransa da aka sani sosai a Nijar da Chadi, akwai Unimog ta Jamus. Duk suna da kyan gani, amma tambayar ita ce: ranar da wani ƙarfe ya karye, ina za ka samo shi? Bedford ta sojan Ingila galibi sitiyarinta a dama yake, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, inda ake amfani da sitiyari a hagu, don haka rajistarta rigima ce. M35 kuwa kusan komai nata sai an yi oda daga ƙetare.

Ni shawarata ita ce dangin Marsandi masu injin OM 352, wato LA 911 da LA 1113 masu guntun hanci, da kuma 1017A da sojan Jamus suka fara karɓa a ƙarshen shekarun 1970. Lambobin ma suna da ma'ana: 911 na nufin nauyin tan 9 har da kaya, da ƙarfin doki kusan 110, 1017 kuma tan 10 da doki kusan 170, harafin A yana nuna cewa tayoyin gaba da na baya duk suna ja. Injin OM 352 ya fito a 1964, silinda shida ne a jere, lita 5.7, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Kamfanin ANAMMCO na Inugu ya soma haɗa manyan motocin Marsandi a farkon shekarun 1980, kuma 911 ta cika hanyoyinmu shekara da shekaru. Shi ya sa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka sami kayan injin, ka kuma sami dattijon bakaniken da zai gane ciwonsa daga jin ƙara kawai.

Mataki na biyu: takardu kafin kuɗi

Kada ka biya ko sisi kafin ka ga takardar da ke nuna cewa rundunar da ta mallaki motar ta sallame ta, da rasit na gwanjo mai ɗauke da lambar shasi. Ka je da kanka ka goge ƙarfen shasin ka karanta lambar da aka buga, ka gwada da ta takarda harafi bayan harafi. In ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, juya ka tafi abinka.

In daga waje za ka shigo da ita, a Jamus kamfanin gwamnati mai suna VEBEG ne ke sayar da kayan da hukumomi da soja suka gama da su, dillalai kuma su saya su sake sayarwa. Kafin a loda ta a jirgi, ka tambayi kwastam ƙa'idar shekarun manyan motoci, ka kuma tambaya ko irin taka tana cikin kayan da sai an karɓi takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Motar da ta maƙale a tashar jiragen ruwa kullum kuɗin ajiya take ci.

Mataki na uku: duba ta da guduma da tocila

Ka tafi da bakanike, ka sa kayan da ba ka tsoron su yi datti, don ƙarƙashi za ka shiga. A Turai ana zuba gishiri a titi lokacin sanyi, gishirin kuma yana cin ƙarfe. Sojoji sukan shafa baƙin kwalta a ƙarƙashin mota, tsatsa ta ɓuya a bayansa. Ka riƙa ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum. Ka fi mai da hankali wurin da sifirin ya kama shasi, da ƙarƙashin akwatin batir, da daɓen kan mota, da gefen ƙofar nan mai zagaye da ke rufin wasu motocin soja, domin ta nan ruwan sama ke shiga.

Tsatsar bodi aikin mai walda ce, ana gyarawa. Shasin da ya tsage ko ya lanƙwashe kuwa, bar musu kayansu ko da kyauta ne.

Zaro ma'aunin baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga injin. Buɗe lagireto ka duba ko mai yana yawo a saman ruwan. Sannan a sa sifana a juya injin da hannu. In ya juya, an yi rabin ciniki.

Ko da an ce maka tana tashi, kada ka tuƙo ta gida. Nemo motar janwe ko tirela mai shimfiɗa. Tan bakwai na ƙarfe da birkin da ba wanda ya gwada shi shekara goma ba abin wasa ba ne a cikin gari.

Mataki na huɗu: tayar da injin a hankali

Nan ne gaggawa ke jawo asara. Da farko a zubar da duk gas ɗin da ke tanki. Gas da ya daɗe yana tara ruwa a ƙasa, ya yi wani baƙin kauri mai toshe komai, don haka a sauke tankin a wanke. A canja filtar gas da ta baƙin mai da ta iska, a zuba sabon mai, a canja tiyo na lagireto da fanbel ko da a ido suna da kyau.

A cire nozul guda shida a kai wa masu gwaji su duba feshinsu. Tun da ramukan na buɗe, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana, a juya injin da hannu zagaye biyu ko uku. Daga nan a juya shi da kik ba tare da nozul ba, har allurar mai ta motsa. Wannan yana kai mai ga metal da karanshaf, da tobo in injin mai tobo ne, kafin wuta ta kama. Bayan an mai da nozul, a yi amfani da ɗan famfon hannu da ke jikin injekta a fitar da iska har gas ya riƙa fita babu kumfa.

Abu ɗaya da ake mantawa: sandar cikin injekta takan maƙale bayan dogon zama. In ta maƙale a buɗe, injin zai tashi ya yi ta ƙara gudu, kashe makulli kuma ba ya tsayar da shi. Don haka a ranar tayarwa ta farko a cire bututun iska, mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako a hannu, da an ji ƙara ta wuce kima ya toshe bakin iskar da shi. Da katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba.

In ya tashi, a bar shi ya yi zafi a tsaye ana kallon hayaƙi. Fari a farkon tashi ba komai ba ne. Shuɗin da ya ƙi ɗaukewa sau da yawa yana nufin ringi sun gaji. Kada ka yarda a sauke injin a farke shi don kawai ya tsufa. Da yawa daga cikinsu in sun yi aikin 'yan kwanaki sai su washe.

A canja man giyabos, da na ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi gaba da baya, da na aksul biyu, a bi farfela da duk wata mahaɗa da giris.

Mataki na biyar: birki, inda ba a neman araha

Birkin waɗannan motoci haɗin gambiza ne: iska ce ke ba da ƙarfi, man birki kuma ya kai ƙarfin ga tayoyi. Kenan ciwo biyu za ka nema. Ta ɓangaren mai, man birki yana shan danshi, ya sa silindar kowace taya ta yi tsatsa daga ciki. A buɗe dukkan ƙafafun huɗu, a canja robobin silinda ko silindar gaba ɗaya, a canja babbar silinda in ta yi rami, a canja duk tiyo na roba. Tsohon tiyo yakan kumbura ta ciki, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, birki ya kama ya ƙi saki.

Ta ɓangaren iska, a ja zoben da ke ƙarƙashin kowane tankin iska a ga abin da zai fito. Ruwa kaɗan al'ada ne. Baƙin mai da yawa yana nufin kwamfireso ya gaji. A cika tankunan a kashe injin, a shafa ruwan sabulu a kan mahaɗai, duk inda ya yi kumfa iska na zurara. In da safe ka tarar da allurar iska ta faɗi ƙasa, aiki bai ƙare ba.

Tsofaffin takalman birki na wancan zamani sukan ƙunshi asbesto, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. Kada yaran gareji su hure ta da iskar kwamfireso kamar yadda aka saba. A jiƙa ta a goge.

Mataki na shida: taya da wili

Zanen taya na iya zama sabo fil amma robar ta mutu. Duba lambobin ƙarshe bayan rubutun DOT: guda huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In guda uku ka gani, an yi tayar kafin shekarar 2000, wurinta bola. Zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba ya raga wa tsohuwar taya. Ka sa duka iri ɗaya, girma ɗaya, domin a motar da gaba da baya ke ja, bambancin girma yana cin haƙoran giya.

Wilin mai zobe, wanda ake sa wa tub, ya kashe masu faci da dama. In zoben bai zauna daidai ba, yana fizgewa da ƙarfin da zai fasa kai. A ɗaure shi da sarƙa ko a sa shi a keji kafin a ba shi iska, kowa kuma ya kauce daga gabansa.

Mataki na bakwai: wuta

Wutar 1017A bolt 24 ce, batir biyu a haɗe a jere. A saye su tare, ƙarfi ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja wayar rediyo ko cajar waya daga batir ɗaya. Wata biyu sai ka ga ɗaya ya mutu, ya ja ɗan'uwansa. Sayi na'urar da ke rage wuta zuwa 12. Akwai kuma makunnin fitilun yaƙi, wanda in an juya shi yake kashe fitilun gaba da na birki. Mutane sukan yi kwana biyu suna neman waya da ta tsinke alhali makunnin nan ne kawai. Ka sa rewaya ya cire shi daga layi.

Mataki na takwas: fenti, kuma ba kore ba

A Turai da Amurka masu sha'awar irin waɗannan motoci sukan mai da su kalarsu ta asali har da lambobin runduna. A Najeriya akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula amfani da mota mai launin koren soja. Ko ba doka, da halin tsaron da ake ciki a Arewa da Nijar, wa zai so ya tunkari shingen bincike da magariba cikin mota mai kama da ta soja? A kankare duk wata alama da lamba, a cire maratayin bindiga da na eriya, a kankare tsatsa har farin ƙarfe, a shafa jan fenti na ƙasa, sannan fari ko shuɗi ko ruwan ƙasa mai haske. Ka ɗauki hotunanta kafin fenti da bayansa ka haɗa da takardu.

Daga nan sai rajista, inshora, gwajin lafiyar mota wurin jami'an duba motoci, da lasin na manyan motoci. Lasin ƙaramar mota bai isa ba.

Zama da ita

Ka sani tun yanzu ba motar sauri ba ce. Kilomita 80 a awa ta kai maƙura, ƙara ta cika kunne, gas kuma wajen lita 20 a kowace kilomita 100, ya fi haka in da kaya ko a yashi. Amfaninta yana wurin da wasu ke tsayawa: kwaso buhunan hatsi daga gona da damina, kai tankin ruwa ƙauye, ratsa rairayi. A kan kwalta kada ka bar makullin aksul a kulle, sai ka shiga laka ko yashi, ka kuma sake shi da zarar ka fita.

A akwatin kayan aiki kada a rasa filtar gas guda biyu, fanbel, man birki, jak da ya fi ƙarfin nauyinta da katakon tokare taya. Kowace yamma bayan aiki a ja zoben tankin iska ruwa ya fita. In kuma babu aiki, ko da sati ɗaya ne, a tayar da ita a zaga da ita kilomita goma ko sha biyar har injin ya yi zafi, a taka birki sau da yawa, a sa giyar gaba ta yi aiki a kan turɓaya kafin a mai da ita rumfa.