Yadda na shawo kan ramar kifayen anthias a tankina

Alhamdulillahi, kifayen anthias ɗina, wasu ƙananan kifayen teku, sun murmure. Nau'in Pseudanthias squamipinnis ne, a tankin ruwan gishiri mai murjani, lita 400. A da sai ramewa suke yi, ciki ya shige, ƙanana sun maƙale bayan duwatsu.

Na fara zargin ruwa. Na auna: gishiri 1.025, zafi digiri 25, babu amoniya, duk daidai. Na duba fata da ƙege, babu farin ɗigo na alamar cuta.

Ashe yunwa ce da faɗa. A teku yini suke yi suna tsintar ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawowa, ci ɗaya a rana ba ya riƙe su. Na koma ba su sau huɗu, kaɗan-kaɗan, daskararren mysis da copepod, wato ƙananan halittun ruwa dangin jatan lande. Ina narkar da shi da ruwan tankin, in zuba a gaban famfo don ya yi yawo su bi shi.

Sannan na cire namiji na biyu, na bar ɗaya da mata huɗu. Duk a mace suke farawa, babbar cikinsu ke rikiɗa ta zama namiji, kuma maza biyu ba sa zama lafiya a tanki irin wannan. Na rufe saman da raga saboda tsalle. Tunda abinci ya ƙaru, ina canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako.