Yadda na gyara matsalar izini a gcloud

Jiya a ofishinmu da ke titin Zoo Road, ina ƙoƙarin buɗe sabon project da gcloud, manhajar ba Google Cloud umarni a rubuce, amma duk sanda na buga gcloud projects create da lambar ƙungiyarmu, sai PERMISSION_DENIED ya fito, wato an hana ni izini. Har aka kira magariba ban gano bakin zaren ba.

Da na dawo daga masallaci na buga gcloud auth list, sai ga alamar tauraro, mai nuna asusun da ake aiki da shi, a jikin imel ɗina na kaina, ba na ofis ba. Na sauya da gcloud config set account. Matsalar tana nan daram. Ashe asusun ofis ɗin ma ba shi da matsayin Project Creator, wato izinin buɗe sabon project, a matakin ƙungiya.

Na kira mai kula da asusunmu, wanda ke raba izini a IAM, sashen ba da izini na Google Cloud: "Yallaɓai, a taimaka a ƙara mini a IAM." Ya ƙara, na ɗan jira mintuna, umarnin ya wuce.