Yadda Ake Ɗaure Ƙananan Kayan Lantarki Su Isa Hannun Mai Saye Lafiya

Matasanmu da ke sayar da fanel, wato ƙananan allunan lantarki irin su Arduino, ESP32 da Raspberry Pi, da ƙananan sikirin da sensa ta WhatsApp ko Facebook sun ƙware a haɗa wayoyi da rubuta kod. Amma ranar da aka ce su tura kaya daga Kano zuwa Jos, ko daga Legas zuwa Sakkwato, sai ka ga an jefa fanel a baƙar leda, an yi ta naɗa salatif har hannu ya gaji, an kai tasha an miƙa wa direba. Kaya su isa, mai saye ya jona wuta, shiru kake ji. Shi yana cewa matacce aka turo masa, mai sayarwa yana rantsuwa lafiya ƙalau ya bar hannunsa, kuma sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa. Abu biyu ne suka fi kashe irin waɗannan kaya a hanya: wutar gogayya, wato lantarkin da ke taruwa idan abubuwa suka gogu, da motsin da kayan ke yi a cikin kwali. Batir kuwa nasa babin daban ne.

Kafin ka taɓa kwali

Ka kunna kayan, ka ɗauki bidiyo suna aiki, ka nuna lambar da ke jikin fanel ɗin, ka tura wa mai saye. Minti ɗaya ya isa. Wannan bidiyon shi ne shaidarka idan magana ta taso.

Sannan ka kwance duk abin da ya leƙo waje. Katin memori da ke jikin Raspberry Pi yana ɗan fitowa daga gefen fanel, bugu ɗaya zai tsaga shi, wani lokacin ma ya tafi da mazauninsa. Siririyar wayar kyamara mai kama da kirtani, eriya, kebul ɗin USB, duk a cire, a sa su a 'yar ledarsu daban. Idan akwai ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, irin wanda ke jikin fanel ɗin agogo DS3231, a zare shi. Zan faɗi dalili nan gaba.

Ƙafafun fanel, wato filolin da ke jere a gefensa, su ne farkon abin da ke lanƙwashewa, kuma su ne ke huda leda su kankare abin da ke kusa da su. Soka su za ka yi a cikin soson da aka yi don wannan aikin, baƙi ko ruwan hoda, irin wanda sababbin kaya ke zuwa a kansa. Kada ka riƙa zubar da shi idan ka sayi kaya, ka tara.

Leda ba duka ɗaya ba ce

Duk wanda ya taɓa ƙofar mota da hunturu ya ji wani abu ya ba shi tas a yatsa, ya san wutar gogayya. Jiki ne ke tara ta idan tufafi ko leda suka gogu, kuma tana ƙaruwa idan iska ta bushe, shi ya sa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta fi addabar mu a Arewa. Mutum ba ya jin tartsatsinta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali akwai ƙwayoyin lantarki da ƙasa da bolt 100 ke illata su. Ke nan kana iya kashe fanel ba ka ji komai ba, ba ka ga komai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne wani lokacin ba ya mutuwa nan take. Zai yi aiki yau, ya fara shirme bayan 'yan makonni, mai saye ya ce ka sayar masa da jabu.

Ledar kasuwa, ledar kumfar nan marar launi da yara ke fasawa, farin soso mai burtsatsi da ke zuwa cikin kwalin talabijin, da salatif lokacin da ake ɓare shi, duk suna haifar da wannan wutar. Ko ɗaya daga cikinsu kada ya taɓa jikin fanel kai tsaye.

Leda iri biyu ce aka yi don wannan aiki, kuma mutane suna ɗaukar su abu ɗaya. Mai ruwan hoda ita dai ba ta tara wutar gogayya, amma idan tartsatsi ya zo daga waje ba za ta tare shi ba. Mai launin azurfa, wadda ake ɗan hango abin da ke ciki, tana da siririn ƙarfe a tsakanin ɓawonta, shi ne ke zagaye kayan ya hana wutar shiga. Don tafiya, mai azurfa nake so, ba na karɓar uzuri a kan wannan. A naɗe bakinta a rufe, domin ledar da bakinta ke buɗe ko ta huje kariyarta ta ragu sosai. Kuma fanel ɗaya leda ɗaya. Kada ka cusa uku a leda guda suna goge junansu.

Batun kuɗi: ba sai ka saya ba idan kayanka ba su da yawa. Masu gyaran kwamfuta suna zubar da irin wannan ledar kullum, a cikinta had dis da ram ke zuwa. Ka je ka roƙa, ka duba wadda ba ta huje ba. Idan abin ya faskara, ka naɗe fanel ɗin da farar takarda, ka bi ta da takardar alminiyon da ake gasa kifi a ciki. Dabarar dole ce, tana yi, amma da sharaɗin babu batir ko ɗaya a jikin fanel ɗin. Alminiyo yana ɗaukar wuta, baƙin soson nan ma yana ɗauka, don haka idan ka bar batirin agogo a ciki za su haɗe masa ƙafafu, ya zuƙe ko ya yi zafi. Dalilin zare shi ke nan.

Sikirin kuma ka bar masa ledar da ya zo da ita a fuska. Ka yanko kwali mai tauri guda biyu da suka ɗan fi shi faɗi, bayan ka sa shi a ledarsa ka ɗora ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka kama gefunan da salatif. Ƙananan sikirin irin na OLED gilashinsu siriri ne ƙwarai, kuma daga kusurwar ƙasa suke fara ɓantarewa, wurin da wayoyin ciki suka bi.

Kwali, inda aka fi faɗuwa

A nan ne nake ganin har waɗanda suka yi komai daidai suna ɓata aikinsu. Mutum ya samo ledar azurfa, ya naɗe da ledar kumfa, sai ya ɗauko kwalin taliya ƙato ya jefa ɗan ƙunshin a ciki ya rufe. Duk ramin da mota ta faɗa tsakanin Kaduna da Lokoja, ƙunshin nan sai ya tashi ya bugi bangon kwali. Wani kuma akasin haka yake yi: ya sa a ambulan, ko ya matse kayan a kwalin da ya yi musu daidai cif, babu tazara, duk nauyin da aka ɗora a kai kai tsaye kan fanel yake sauka.

Ka tuna kiret ɗin ƙwai. Ƙwai yana zuwa daga gona lafiya ne saboda kowanne yana zaune a gurbinsa, ba ya taɓa ɗan'uwansa, ba ya motsi. Haka kake so kayanka su zauna.

Ƙa'idar da kamfanonin aike suke bayarwa ita ce a bar aƙalla santimita 5 na abin tare bugu tsakanin kaya da kowane bango na kwali: sama, ƙasa da gefuna huɗu. Mutane suna tuna gefe, su manta ƙasa. Ka fara shimfiɗa ƙasan kafin ka saka komai. Ledar kumfa ka zagaya ta sau biyu ko uku a kan ledar azurfa, kumfar tana kallon ciki, ka kama ta da ɗan salatif kaɗan. Kaɗan na ce. Wanda ya naɗe ƙunshi da salatif ta ko'ina ya tilasta wa mai saye ɗauko reza, kuma rezar nan ta sha yanke wayoyi.

Da me za a cike sauran wurin? Ni guntayen soson katifa na fi so, masu yin kujeru suna da shi tuli, kuma kusan kyauta ne. Yana komawa yadda yake bayan an danne shi. Jarida da aka cukuikuye tana yi wa kaya marasa nauyi, amma tana kwantawa a hanya, wurin da ka cike ya sake buɗewa, saboda haka idan ita za ka sa, ka danna ta sosai har sai murfin kwali yana ɗan turjiya kafin ya rufu. Garin katako da tsumma ban yarda da su ba ko kaɗan, ƙura suke zubawa cikin ramukan caji.

Abu mai nauyi kada ya kwana wuri ɗaya da marar ƙwari. Taransifoma, ɗan injin lantarki mai juyi, adafta, ƙarfen narka dalma, waɗannan idan suka samu sarari su ne gudumar da za ta farfasa sikirin. Ka naɗe su daban, ka sa su a ƙasa, ka raba tsakani da bangon kwali. Idan nauyin ya yi yawa, ka yi ƙunshi biyu kawai.

Ga kaya masu tsada, ko duk abin da ke da gilashi, kwali biyu ake yi. Ƙarami a ciki, an cike shi an rufe, sannan a sa shi tsakiyar babba da tazarar nan ta santimita 5 ta ko'ina. Na wajen ya zama mai kauri, wanda idan ka dubi yankansa za ka ga layin lanƙwasa biyu. Kwalin da ya taɓa jiƙa ya bushe ya mutu, ko da yana da kyan gani. Kwalayen da masu kemis ke fitarwa yawanci ƙanana ne masu ƙwari, su nake nema.

Ka sani cewa a tasha babu wanda zai lallaɓa kwalinka. Zai iya shiga but a ƙarƙashin buhun hatsi, zai iya hawa saman mota a ɗaure shi da igiya, a sauke shi da jifa. Rubuta "a yi hankali" a jiki ba laifi ba ne, amma kada ka dogara da shi. Da damina kuma ka sa ƙaramin kwalin cikin leda ka ƙulle kafin ya shiga babba, ka jefa 'yan ƙullin silika guda biyu, waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, su tsotse danshi.

Idan ka gama, kafin ka rufe da salatif, ka riƙe murfin da hannu ka girgiza kwalin kusa da kunnenka. Ka ji wani abu ya motsa? Buɗe, ka ƙara soso. Kada ka ce ai ɗan kaɗan ne. Wannan girgizawar ita ce matakin da ba na tsallakewa ko mota na shirin tashi. Ƙungiyar ISTA da ke Amurka, mai tsara gwajin kwalaye, tana sakin ƙunshin da bai kai kilo 10 ba daga tsayin santimita 76 har sau 10, a kan kusurwa, gefuna da fuskoki. Idan gabanka zai faɗi a saki naka daga tsayin tebur, da saura.

Batir

Batirin litiyom idan ƙafafunsa suka haɗu ko aka huda shi, wuta yake kamawa, kuma motar da ka saka shi akwai mutane a ciki. Wanda ya kumbura ko ya lotse ba a tura shi, ko nawa aka taya. Na 18650, wato dogon nan mai siffar gwangwani, ka duba rigarsa da kyau: duk gangar jikinsa ƙafar ragi ce, wato nagatib, idan rigar ta yage kusa da kai, ɗan ƙarfe kaɗan ya isa ya haɗa shi. Ka rufe kawunan biyu da baƙin tef na masu wayarin, ka sa kowanne a 'yar robarsa. Na LiPo irin na jirgi marar matuƙi, ka rufe bakin wayarsa, kuma kada ka tura shi cike da caji a bolt 4.2, ka sauke shi zuwa wajen 3.8 kowace ƙwaya.

Idan ta jirgin sama ne, doka ce ke magana. Tun 1 ga Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗaukar batirin litiyom mai caji da aka tura shi kaɗai a matsayin kaya cikin jirgin fasinja, sai jirgin kaya, kuma cajinsa kada ya wuce kashi 30 cikin 100. Lambarsa a dokar aiken kaya masu haɗari UN3480 ce, wanda ke cikin na'ura ko tare da ita kuma UN3481. Ka gaya wa kamfanin aike gaskiya cewa akwai batir. Masu rubuta "kayan wasa" don kauce wa tambaya da rayukan mutane suke wasa.

Rufewa da aikawa

Faffaɗan salatif, a bi tsakiyar murfi da gefuna biyu, ya ba da siffar harafin H, sama da ƙasa. A goge tsofaffin adireshin da ke jikin kwalin. Suna, gari da lambar waya a rubuta da maka, a bi kai da salatif marar launi saboda ruwa, a sa kwafi ɗaya a ciki.

Kada ka wuce gona da iri wajen girman kwali idan ta kamfani za ka tura. Irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000, su caje ka da wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske. Kwali mai 30 da 20 da 20 kilo 2.4 ne a wurinsu, ko da fanel ɗaya ne a ciki.

A tasha ka karɓi lambar direba da ta mota, ka ɗauki hoton kwalin a rufe, ka tura wa mai saye tare da lokacin tashi. Ku yi magana tun kafin kuɗi su shiga: wa zai ɗauki asara idan kaya suka lalace a hanya? Kai kuma mai saye, ka ɗauki bidiyon buɗewa tun daga kwali a rufe ba tare da yankewa ba, ka taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ka zaro fanel daga ledarsa, ka riƙe shi ta gefe, ka duba ko akwai ƙafafun da suka lanƙwashe suka taɓa juna, sannan ka jona wuta.