Kurakuran da ke cinye kuɗin 'yan kirifto a karkara, da yadda ake gyara su

Yawancin asarar da matasan ƙauyukan Kano da Jigawa ke tafkawa a harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, daga hannunsu take fitowa, tun kafin farashi ya motsa. Ko dai mutum ya nuna abin da ya kamata ya ɓoye, ko ya danna da gaggawa. A wannan harka kuwa, kuɗi in ya fita ya fita, babu manajan da za ka kai wa kuka ya dawo maka da shi.

Mafi muni shi ne sakaci da kalmomin sirri. Ranar da ka buɗe walet, wato manhajar ajiye kirifto, irin Trust Wallet ko MetaMask, zai ba ka kalmomin Turanci 12 a jere, wasu walet ɗin 24. Duk wanda ya sami wannan jeri zai buɗe walet ɗinka a tasa wayar, ko yana Legas, ya yashe shi tas. Sai ka ga mutum ya ɗauki hotonsu ya bari a waya, sannan ya kai ta wurin mai caji ranar kasuwa ta wuni a can, ko ya miƙa wa mai gyara har da lambar buɗewa. Wani kuma "gwanin" unguwa ne ya buɗe masa, kalmomin suna hannun gwanin har yau. A rubuta su da biro a takarda biyu, bisa jerinsu, a naɗe a leda a sa cikin gwangwani saboda gara da yoyon damina, a ajiye wuri biyu daban. In wani ya riga ya gan su, ba a canza su kamar lambar katin banki. Sabon walet za ka buɗe da hannunka, ka kwashe komai zuwa can a ranar. A kuma sanar da amintacce ɗaya inda takardar take, don in rai ya yi halinsa magada ba su da wata ƙofa sai ita.

Sai kuskuren hanya. USDT, wata kirifto da ake ƙoƙarin riƙe darajarta daidai da dalar Amurka, tana bin hanyoyin turawa daban-daban, irin su TRC20, ERC20 da BEP20. Adireshin TRC20 da harafin T yake farawa. Na ERC20 da na BEP20 duka da 0x suke farawa, kuma nan ne tarkon, domin manhaja za ta karɓi adireshin ba musu alhali hanyar ba ita mai karɓa ke jira ba. Ka tambaye shi hanya kafin adireshi, ka tura dala 2 ko 3 ta gwaji, sai ta isa ka tura sauran. Ka duba haruffan farko da na ƙarshe, har da na tsakiya, kuma kada ka kwafi adireshi daga tarihin cinikinka, saboda ɓarayi kan cusa mai kama da shi a wurin. Kowace hanya da kuɗin motarta, wato irin kirifton da ake biyan ladan turawa da shi: TRC20 na cin TRX, BEP20 na cin BNB, ERC20 na cin ETH. Mai dala 200 a walet ba tare da ɗan TRX ba zai iya kasa motsa ko sisi. In kirifton TON ko XRP za ka tura zuwa dandalin ciniki, akwai lambar memo da ake cikewa, wadda ke nuna asusun da kuɗin zai shiga, in ka tsallake ta kuɗin ya maƙale. Inda sabis ke ɗaukewa kuma, kada ka sake dannawa don allo ya tsaya cak. Duba tarihi tukuna, mai yiwuwa na farkon ya wuce.

Wajen mayar da USDT naira, ciniki tsakanin mutum da mutum aka fi yi. Dalili kuwa, a Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar, bai sassauta ba sai Disambar 2023, sannan Binance, babban dandalin cinikin kirifto, ta daina hulɗa da naira a Maris 2024. A irin wannan ciniki dandali ne ke riƙe USDT ɗin har mai saye ya biya, don haka wanda ya ce ku koma WhatsApp ya ƙara maka naira 20 a kan kowace dala, kariyarka yake son raba ka da ita. Kada ka saki kaya saboda alat ko hoton rasit; buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin a zaune. Sunan wanda ya turo kuma ya zama shi ne na mai sayen. In na wani ne daban, ƙila kuɗin sata ne, kuma asusunka za a rufe idan mai shi ya kai ƙara. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da kasuwar zuba jari ta ba dandalan Busha da Quidax amincewar farko, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa kirifto ƙarƙashin hukumar, saboda haka a leƙa shafinta kafin a miƙa wa kowane dandali kuɗi.

Batun masu ninka kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta daskare a Disambar 2016. CBEX ta yi alkawarin ninki cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. Alamar ɗaya ce: riba tabbatacciya, lada in ka kawo mutum, sannan a ce sai ka biya kuɗin tantancewa kafin ka cire naka. Abin takaicin, ɗan'uwa ne ke kawo ta gida, shi ma da zuciya ɗaya. Masu danne-dannen maining, wato wasannin waya da ke alkawarin raba kirifto kyauta, su ma su riƙa lissafa data da caji. Da Hamster Kombat, ɗaya daga cikinsu, ta raba nata kirifton a Satumbar 2024, da yawa 'yan daloli kaɗan suka tsira da su bayan watanni.

Saura wanda ya fi shafar manomi da ɗan kasuwa, wato sa kuɗin da ke da ranar aiki. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021, shekara guda bayan nan ya dawo wajen 16,000. Ita ma USDT ba ta hana asara a naira. Gaskiya ne wanda ya riƙe ta tun kafin a saki farashin naira ga kasuwa a Yunin 2023 ya tsira daga faɗuwarta. Amma wanda ya saya a ƙarshen Fabrairun 2024, dala na wajen naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ya gan ta kusa da 1,100. In kuɗin riɗin da ya sayar a Dawanau ne, da niyyar sayen taki kafin ruwa ya sauka, sama da kashi ɗaya cikin uku na buhunan sun tafi. Dillalin shanu a Maigatari ko Wudil naira yake karɓa, mai taki ma haka, kuma kowace shiga da fita akwai ratar farashin saye da sayarwa da za ta ci wani abu. Kuɗin da za a buƙata cikin wata uku zuwa shida a bar shi a naira ko a hatsi. Shi kuwa cinikin fiyuca, wato hasashen tashi ko faɗuwar farashi da ake ninka jari da rance, in ka ɗauki ninki 10, farashi ya juya maka da kusan kashi 10 kacal, dandali zai rufe cinikin ya cinye duk abin da ka sa.